Batir Ne Ko Waya? Abin Da Ke Hana Tsohuwar Mota Tashi A Sakkwato

Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi, mutane kuma suka koma lallaɓa tsofaffin motocinsu domin sabuwa ta fi ƙarfin aljihu. Daga nan maganar batir ta zama ruwan dare a majalisun Sakkwato. A tasha, a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci bayan La'asar, kukan ɗaya ne: batiran yanzu ba su da ƙarko, duk jabu ne. Mutum zai rantse maka batir uku ya canza cikin shekara biyu, amma har yau sai yaran unguwa sun tura masa mota da safe.

To, anya kuwa batir uku a jere duk za su zama jabu? Ko dai akwai wani abu a cikin motar da ke cinye su ɗaya bayan ɗaya?

Na taɓa shiga wannan hali da wata tsohuwar Golf. Batir biyu na saya cikin watanni kaɗan, kowanne ya yi mini aiki na ɗan lokaci sannan motar ta koma gidan jiya. Wani dattijon rewaya ne ya raba ni da wahalar. Bai ko kalli batir ba. Wuƙa ya sa ya tsaga robar baƙar wayar da ta taso daga kan batir zuwa jikin inji, sai ga wani koren gari kamar garin kuka yana zubowa, silin jan ƙarfen da ke ciki kuwa fiye da rabi sun rududduge. Ya ce da ni, "Malam, batir lahiya lau shi ke. Wagga waya ita tar ruɓe, wuta ba ta da hanyar wucewa." Tun ranar nake ganin da yawanmu mun bar jaki muna dukan taiki.

Waɗanne wayoyi ake magana a kai?

Ba duk wayoyin mota ake nufi ba. Masu kaurin nan ne guda biyu ko uku da ke ɗaukar wutar tayar da inji. Ta farko ita ce ja, wadda ke fita daga kan batir mai alamar tarawa, wato fozitif, ta tafi kai tsaye zuwa kik sitata, na'urar da ke juya inji ya tashi. Ta biyu baƙa ce, daga kan batir mai alamar ɗebewa, wato negetif, zuwa bodin mota ko jikin inji. Ita ce bakanikai ke kira wayar at. A motoci da yawa akwai ta uku, gajera, wani lokaci saƙaƙƙiya kamar kitso, da ke haɗa inji da bodi. Dalilinta shi ne inji a kan robobi yake zaune don rage jijjiga, roba kuwa ba ta wuce da wuta.

Abin da mutane ke mantawa shi ne wutar lantarki zagaye take yi. Dole ta fita ta jar waya, ta juya kik, ta bi ta ƙarfen inji da baƙar waya ta dawo batir. Duk yawan wutar da ta fita, shi ne zai dawo. Saboda haka wayar at ba 'yar rakiya ba ce, nauyinta daidai yake da na ja. Amma da yake tana can ƙasa cikin baƙin mai da ƙura, ba kasafai ake waiwayarta ba.

Me ya sa fitila ke kamawa, hon na kuka, amma mota ta ƙi tashi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi rikita masu mota, amsarta kuma tana cikin ɗan lissafi mai sauƙi.

Duk wanda ya taɓa zuwa fadama lokacin noman rani ya san injin ban ruwa da tiyonsa. Idan tiyo ya lanƙwashe ko laka ta toshe rabinsa, za ka iya cika buta da shi ba tare da ka lura da komai ba. Ranar da kake son shayar da fangalin albasa ne za ka gane ruwan ba ya isa. Haka waya take. Ƙarfin da ke tura wuta shi ake aunawa da bolt, yawan wutar da ke gudana ana auna shi da amfiya, turjiyar da waya ke yi wa wutar kuma da om. Masanin nan ɗan Jamus, Georg Ohm, shi ya bayyana dangantakarsu a 1827: bolt ɗin da ke ɓacewa a hanya daidai yake da amfiya sau turjiya.

Manyan fitilun gaba guda biyu masu wat 55 kowanne ba sa jan abin da ya wuce amfiya 10. Kik sitata kuwa, a ƙaramar motar fetur mai silinda huɗu, yana jan tsakanin amfiya 100 zuwa 200, na dizal ya fi haka nesa. A ce ruɓewa ta jawo turjiyar om 0.01 kacal a jikin waya. Idan ka kunna fitila, asarar bolt 0.1 ce, ido ba zai gani ba. Idan ka murɗa makulli kik ya nemi amfiya 200, asarar ta zama bolt 2 cur. Shi kuma batir, ko lafiyayye ne mai nuna 12.6 a zaune, yakan sauko wajen 10 a daidai lokacin da kik ke juyawa. Cire 2, saura 8. Da wannan kik ba zai yi komai ba sai gurnani a hankali, ko ka ji "ƙas" sau ɗaya, ko "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, shi ke nan.

Bolt biyun nan da suka ɓace ba iska suka bi ba, zafi suka zama. Amfiya 200 sau bolt 2 wat 400 ke nan, duk a tattare a wuri ɗan ƙarami kamar kan yatsa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga hayaƙi na tashi daga kan batir, ko robar waya ta narke a daidai bakinta.

Abin da ke kashe waya a ƙasarmu

Babban maƙiyinta yana maƙwabtaka da ita. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, kuma duk lokacin da batir ke caji yana fitar da tururi. Tururin nan ne ke haɗuwa da dalmar kan batir ya ba da farin gari, ya haɗu da jan ƙarfen waya ya ba da kore ko shuɗi-shuɗi. Na waje kowa na ganinsa, a zuba ruwan zafi a goge. Mugun shi ne wanda ke kutsawa ƙarƙashin roba yana bin sili-sili yana ci, har ya yi tafiyar taƙi guda ba wanda ya sani. Alamarsa ita ce wayar ta kumbura kusa da kai, ko ta ƙage ta daina lanƙwasuwa, ko ka ji tana ƙaras-ƙaras idan ka murza ta.

Sai zafin Sakkwato, wanda ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni na haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet kuwa sai abin da hali ya yi. Zafi na ƙara wa batir fitar da tururi, yana busar da robar waya har ta tsattsage ta buɗe wa asid ƙofa. Yana kuma ƙara wa jan ƙarfe turjiya da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, ta yadda wayar da ta tashi daga digiri 20 zuwa 80 turjiyarta ta ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Wannan na daga cikin dalilan da mota za ta tashi lami lafiya da asuba a Mabera, a je Bodinga a kashe ta, da azahar ta ce atafau ba ta san zancen ba. Hunturu kuma da nasa salon: sanyin safiya na rage wa batir kuzari, man inji ya yi kauri, kik ya nemi wuta fiye da kullum, wayar da dama da ƙyar take sai ta gaza. Ƙurar da ke kwanciya a saman batir, idan ta jiƙa da asid, ita ma tana satar caji a hankali tsakanin kawunan biyu.

Akwai kuma ciwon da motar ta zo da shi. Yawancin motocin da ke hannunmu 'yan Beljiyam ne, sun yi shekaru a Turai ko Amurka ta Arewa, inda ake watsa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara. Gishirin ya riga ya fara cin wayar at da mahaɗarta a bodi tun kafin motar ta hau jirgin ruwa. Motar da aka ƙera a 1998 tana ɗauke da wayar da ta haura shekara 25 tana shan zafi da jijjiga, mun canza mata taya da filogi da batir ba adadi, wayar kuwa tana nan yadda ta zo.

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi ci mini rai, shi ne aikin hannunmu. Kan batir ya saki, sai a ɗauki dutse ko sifana a bubbuga shi. Ko a cusa ƙusa, ko guntun gwangwani, tsakanin kai da sandar dalma. Motar za ta tashi a lokacin, gaskiya ne. Amma bugun yana tsaga mahaɗar sandar da murfin batir, asid ya samu hanyar tsatsowa, ruɓewar ta ninka. Ƙusar kuma ta mayar da haɗin da ya kamata ya zagaye sandar gaba ɗaya zuwa ɗan ɗigo guda. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Tsakanin mai mota, mai batir da rewaya

Masu cewa batiran kasuwa sun lalace ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Akwai tsofaffin batira da ake wankewa a sake musu ruwa a sayar a matsayin sababbi, akwai waɗanda suka daɗe a shago ba caji har suka raunana, sannan ko batir na ƙwarai ba ya daɗewa a ƙasar zafi kamar yadda zai yi a ƙasar sanyi. Wannan gaskiya ce.

Sai dai mai batir ma yana da hujja idan ya ce motarka ce ta kashe shi. Hanyar da wuta ke bi ta fita, ita ce altaneta, na'urar da ke caja batir idan inji na aiki, ke bi ta mayar da caji. Idan hanyar ta toshe, altaneta na iya ba da bolt 14 a bakinta amma abin da ke isa batir bai kai ba. Batirin dalma kuwa idan ya daɗe bai cika ba, wani gishiri-gishiri yana daskarewa a jikin farantansa, kuma idan ya yi tauri ba ya komawa. Ga yadda abin ke tafiya: ka sa sabon batir, ƙarfinsa ya rufe asirin ruɓaɓɓiyar waya na 'yan watanni, kana murna, alhali kullum da yunwa yake kwana. Ranar da ya gaza, ka ce jabu ne. Shi ma kik yana shan nasa kason, domin ƙarancin bolt na sa shi juyawa a hankali yana ɗaukar zafi, mai mota kuma ya danne makulli ya ƙi saki. Bai kamata a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ana kik ba tare da an huta ba.

Rewaya fa? Da yawansu sun san aikinsu, amma gwajin da aka saba da shi, na ɗan ƙwan fitila ko kartar waya a bodi a ga tartsatsi, ba ya kama wannan ciwo. Sili ɗaya tal da ya rage a cikin waya ya isa ya kunna ƙwai. Kuma a faɗi gaskiya, mu masu mota ne ke matsa musu. Idan ya ce a canza waya gaba ɗaya sai mu ce, "Haba oga, ɗan ɗaure mini kan dai in tafi."

Yadda ake gane mai laifi kafin a kashe kuɗi

Gwaji mafi inganci ana yinsa ne da ƙaramar mitar nan ta rewaya, kuma dole a yi shi a lokacin da ake kik, ba mota na zaune ba. Da farko a ɗora tsinkayen mita a kan sandunan batir biyu. Cikakken batir zai nuna wajen 12.6, idan ya nuna 12.2 cajinsa rabi ne, a fara caja shi tukuna. A yi kik ana kallo: idan ya faɗi ƙasa da 9.6 alhali a cike yake, batir ya raunana ko kik na jan wuta fiye da ƙima.

Idan batir ya tsaya da ƙafarsa, sai a koma kan waya. Tsinke ɗaya a kan sandar fozitif ita kanta, ba kan da aka ɗaura mata ba, ɗayan a kan babban notin kik, a sake kik. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ke ɓacewa a hanya, bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A maimaita tsakanin sandar negetif da ƙarfen inji mai tsabta, nan ana son ƙasa da haka ma, wajen 0.2 zuwa 0.3. Aikin minti biyar ne.

Wanda ba shi da mita yana da dabara biyu. Bayan an yi kik na 'yan daƙiƙoƙi, a taɓa kawunan da mahaɗun waya da bayan yatsa a hankali, inda ya yi zafi nan ciwon yake. Ko a ɗauki wayar jan wuta mai kauri, a maƙala baki ɗaya a negetif, ɗayan a jikin inji. Idan motar ta tashi garau, wayar at ce ta mutu.

Kada a raina mutuwar wayar at. Idan wuta ta rasa hanyarta, ba haƙura take yi ba, wata take nema: wayar totur, wayar kulochi, wayar birkin hannu, ko siraran wayoyin da ke bayan dashbod. Babu wadda aka yi don ɗaukar amfiya 150 a cikinsu. Wayar totur da ke ƙagewa ko tsinkewa akai-akai ba dalili, a duba at.

A kasuwa: kauri na ƙarfe, ba na roba ba

Nan ne ake cutar mutane da yawa. Akwai wayar da za ka gani jibgegiya, ka yanka ka tarar roba ce ta cika ta, ƙarfen ciki bai fi tsinken tsintsiya biyar ba. A kalli bakin da aka yanka. Ƙananan motocin fetur galibi suna amfani da mai faɗin milimita murabba'i 16 zuwa 25, na dizal da manyan bas-bas 35 zuwa sama. Motar da batirinta ke cikin but ko ƙarƙashin kujerar baya tana buƙatar mai kauri sosai saboda nisan tafiya. Ƙa'idar da ba ta ɓata ita ce kada sabuwa ta gaza wadda kamfani ya sa. Ta fi ta kauri ba laifi.

Sannan akwai alminiyam da aka yi wa rigar jan ƙarfe. A ido ba ka bambanta su, amma alminiyam ba ya wuce da wuta sai kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke yi, yana saurin karyewa, asid kuma na cinye shi da wuri. A kankare sili ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne, a ajiye. A hannu ma ba shi da nauyi. Araha ba ta ado.

Wayar wutar gida mai ƙwararan sili bakwai ba ta dace da mota ba, jijjiga za ta karya ta. Ana son mai sili ƙanana masu yawa, mai laushi. Kebul na walda na ainihi yana aiki, muddin robarsa na jure mai da zafi. Ta Beljiyam da aka ciro daga wata mota jan ƙarfenta na gaske ne, wannan ba shakka, sai dai shekarunta na iya kai na wadda kake cirewa. Ni dai ba zan biya ba sai an ɗan fere robar bakinta na ga ƙarfen yana sheƙi.

Wajen ɗaurawa

A kashe mota, a zare makulli, a cire zobe da agogon ƙarfe, kada a kusanto da taba ko wuta domin iskar da batir ke fitarwa tana kamawa. Negetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Hikimar ita ce duk bodin mota negetif ne, idan ka fara da fozitif sifana ta taɓa bodi, wutar da za ta tashi ta isa ta narkar da ƙarfe ta ƙona hannu. Wanda rediyon motarsa ke neman lambar sirri bayan an cire batir ya tanade ta tun da wuri, motocin baya-bayan nan kuma wasunsu na da 'yar na'ura a kan negetif da ba a yar da ita tare da tsohuwar waya.

Sabuwar waya ta bi hanyar da tsohuwa ta bi, da maƙalanta, nesa da bakin salansa da fanbel. Wannan ba ado ba ne. A yawancin tsofaffin motoci babu fis tsakanin batir da kik, don haka jar wayar da ta gogi ƙarfe har robarta ta huje gobara ce kai tsaye, ko da makulli na aljihunka. Bakunan waya a matse su da abin matsewa a cikin kawunansu, a rufe da roba, ba a murɗe sili a naɗe da salatif ba. Inda at zai zauna a bodi ko inji a goge shi da samfefa har farin ƙarfe ya fito, ba fenti ba tsatsa.

Don wanke farin garin, ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki yana kashe kaifin asid, a dai kula kada ya shiga cikin ramukan batir. A busar, a ɗaure tamau yadda hannu ba zai iya juya kan ba, sannan a shafa giris ko basilin a sama. Bayan an ɗaure ake shafawa, ba kafin ba. Shi kansa batir a ɗaure shi a mazauninsa, domin wanda ke rawa a kan hanyar Gwadabawa zuwa Illela zai sassauta kowane irin kai.

Wata magana da ba zan tsallake ba: garin nan da sandunan batir dalma ce, guba ce. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, duk da cewa waccan daga duwatsun zinariya ta fito. Yaran gareji da ke goge kan batir da hannu sannan su sa hannun a kwanon abinci, haƙƙin maigidansu ne ya sa su wanke da sabulu. Tsohon batir kuma kada a ajiye shi a tsakar gida inda yara ke wasa.

Abin da talaka ke asara

Kuɗin waya biyu da ladan rewaya bai kama ƙafar kuɗin batir ɗaya ba, balle a haɗa da kik da ya ƙone. Amma asarar ba ta tsaya nan ba. Direban haya da ke tsoron kashe mota yakan bar ta tana aiki a tasha har lodi ya cika, yana ƙona fetur a tsadarsa ta yau. Mai mota mai giya da hannu yana neman gangara duk inda zai faka, mai otomatik kuwa ko turin ba zai yi masa amfani ba. Akwai magidancin da naƙuda za ta kama iyalinsa da tsakar dare, akwai matafiyin da motarsa za ta mutu da magariba a hanyoyin gabashin jihar nan, inda kowa ya san tsayuwa a daji ba abin wasa ba ce.

Bayan an gama aiki, a tayar da mota a sake ɗora mita a kan batir. Idan ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5, caji na isa inda ya kamata. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya, ko ta haura 15, sauran aiki na wajen altaneta, a duba ta kafin a bar garejin. Bayan mako guda kuma a sake bin notocin da sifana, domin sabon haɗi yakan ɗan saki idan ya sha zafi da sanyi.